Lambar da ke Wuyan Felu

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram da ake kira Mushe Yakuba, don Mushe ake ce wa malaman boko a can. Mutumin kirki ne, amma akwai gaggawar tsiya. Ko shayi aka ba shi, a tsaye yake sha.

Mahaifiyarsa, Inna Delu, tana zaune a ƙauyen Guna, shekarunta sun doshi tamanin. Tana goye aka ɗauki babanta Sama'ila soja a zamanin Faransa, bai kuma dawo ba. Felunsa kawai ya dawo, ɗan gajeren shebur ɗin nan da sojoji ke ratayawa a ƙugu. Abokin tafiyarsa da ya kawo shi ya ce marigayin da hannunsa ya buga lambarsa ta soja a wuyan ƙarfen da ƙusa.

Burin tsohuwa ɗaya ne: ta san ƙasar da aka binne babanta kafin ita ma ta tafi.

Yakuba ya je biron tsofaffin sojoji, wato ofishinsu. Suka ce masu suna Sama'ila da aka ɗiba daga Damagaram ba su ƙirguwa, amma in ya kawo lambar za a rubuta a bincika. Matsalar ita ce tsatsa ta rufe wurin ruf.

Aka kwatanta masa Baba Kyari a unguwar Birni, tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana tara tsofaffin kayan aikin soja yana gyarawa. Diga, adda, zarto, guduma, rumfarsa cike take. Yakan kalli hatimin da ke jikin ƙarfe ya gaya maka rundunar da ta riƙe shi.

Baba Kyari ya juya felun, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Na Faransa ne, tsohuwar ƙira. Ƙotar ce kawai aka sake. Lambar tana nan. Ka ba ni sati uku."

"Sati uku, Baba? Don tsatsa?"

"Mushe, rubutun ƙusa ba shi da zurfi. In aka matsa masa, tare da tsatsar zai tafi."

Aikin nasa ba wani abin kallo ba ne. Ya jiƙa wuyan ƙarfen a ruwan tsamiya, ya ciro, ya bi shi da tsinke da tsumma, ya shafa mai, ya ajiye. Gobe a sake.

Kwana tara ana haka, lambobi biyu suka fito, huɗu da bakwai. Saura guda huɗu a binne.

Ran nan ne ƙanwar Yakuba ta kira daga Guna, ta ce Inna na kwance da zazzaɓi. Hankalinsa ya tashi, kuma wannan ban ga laifinsa ba. Inda na ga laifinsa shi ne bakin da ya tafi da shi rumfar tsoho.

"Baba, uwata ba ta da sati uku. A zamanin inji kana zaune kana sakace ƙarfe da tsinke? Ba ni abina."

"Inji bai san tsatsa ba, bai san rubutu ba," in ji Baba Kyari. "Ƙara mini kwana goma."

"Na yi karatu, Baba. Na san abin da nake yi."

Tsoho ya naɗe felun a tsumma ya miƙa masa. "Abinka ne."

Yakuba ya hau kabu-kabu sai unguwar Kara-Kara, wurin Ibrahim mai haɗa ƙofofin ƙarfe. Ya nuna masa wurin, ya ce akwai lamba a nan.

"Yanzun nan za ta fito fes, Mushe!"

Ibrahim ya kunna injin goge ƙarfe, tartsatsi ya tashi. Minti biyar bai cika ba felu ya fito fari ƙal, har kana ganin fuskarka. Yakuba ya karɓa yana murna, ya duba wuyan. Babu komai. Har huɗu da bakwai ɗin sun tafi.

Ya koma Birni. Baba Kyari ya karkata ƙarfen a rana, ya shafa masa gawayi ko wani layi zai nuna, ya daɗe yana dubawa. Bai yi masa gori ba.

"Babu, ɗana. Ba abin da ya rage da zan tono."

Washegari Yakuba ya isa Guna. Ashe zazzaɓin ya sauka. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.

Ta karɓi felun, ko ƙyallin ba ta kalla ba. Babban yatsanta ta ɗora a wuyan ƙarfen tana shafawa, ta sake shafawa.

"Ina kaushin da ke nan?" ta ce. "Ni ban iya karatu ba, amma tun ina yarinya nan nake taɓawa in na tuna shi. Nan ne hannunsa ya taɓa."

Yakuba ya durƙusa ya gaya mata duk abin da ya yi.

Ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, "Allah ya jiƙansa a duk inda yake." Ta tura masa felun da hannu biyu. "Tafi da shi birni. Ni ban san wannan ba."

Darasi: In ka kai aiki wurin wanda ya san shi, ka bar shi ya yi a lokacinsa, ko da kai ne mai takardar lakwal. Akwai ɓarnar da minti biyar ke yi wadda nadamar shekaru ba ta gyarawa. Ka tura wannan ga duk mai gaggawar da ka sani, tun bai goge abin da ba ya dawowa ba.