Ɗinkin da na yi wa harshen Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa da ƙarfi mana, ko ku ma yunwar kuke ji?

Ta zo mu ji ta, Baba Kurege!

Yauwa. Tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar wani mahaluƙi kamar yadda 'yan Adam suka zalunce ni ba. Ku dubi wuyan nan nawa. Wuyan da a da 'yan mata ke leƙowa ta kan danga su gani, yau ya koma kamar tsinken tsire.

A zamanin da nake ba ku labari, mutum harshe biyu gare shi. Na dama na cin abinci, na hagu na magana. Ni kuwa sana'ata cin tuwon mutane, kuma dabarata guda ce: in zauna gaban akushi, in jefa wa mai gida tambaya, yana ba ni amsa ina kai loma. Na yi wa Kura, na yi wa Biri, duk na ci riba. Sai na haɗu da wani manomi, Jatau, wanda matarsa Tasalla ke miyar kuka da man shanu mai sa mutum ya manta sunan uwarsa.

Na ce, "Malam Jatau, yaya aka yi gonarka ta fi ta kowa?"

Ya fara tun daga kakansa. Na hagu na zuba, na dama na haɗiya. Na hagu na zuba, na dama na haɗiya. Kafin in yi loma uku akushi ya yi fes, labari kuma bai kai kan ubansa ba.

Rannan na ce, "Malam, tausayinka nake ji. Rabin daɗin miyar nan kake samu. Na hagun nan ko gishiri bai taɓa ɗanɗanawa ba. Da za a haɗe su, ai daɗin ninkuwa zai yi."

Ya ce, "Ana haɗewa?"

Na ce, "Wa ka gani a gabanka?"

A raina kuwa lissafi nake: harshe ɗaya, in yana magana ba ya ci.

Na aro basilla wurin baduku, na samo jijiyar agarar bijimi wurin mahauci, na tsage ta siriri. Na ce ya buɗe baki. Na fara daga can tushe, na biyo tsakiya, ina ɗinki ina ja, ina ɗinki ina ja, har tsini. Na binne zaren a cikin nama yadda ya tsaya kamar danga tsakanin gona biyu, ta sama ba ka ganin komai sai ɗan kwari siriri. Ku miƙo harsunanku ku dubi na juna. Kun ga layin nan na tsakiya? Aikin hannuna ne. Har yau bai warware wa kowa ba.

Sai harshe ya kumbura, ya cika baki. Tasalla ta cafke ni ta wutsiya, muciya a ɗaya hannun.

"Ɗan banza, me ka yi wa mijina? Malam, in fasa kansa?"

Jatau ya ce, "Uuum! Uuum!"

Na ce, "Uwar gida, ni na yi ɗinkin, ni nake jin yarensa. Cewa ya yi ki sauke ni, ki ba ni tuwonsa kada ya lalace."

Jatau ya buga ƙafa, ya ce, "UUUM!"

"Ya ce a ƙara man shanu."

Kwana uku ina fassara, kwana uku ina ƙiba. Ran na huɗu kumburi ya saɓe. Jatau ya ɗanɗana miya, ya lumshe ido, ya manta da zancen duka. Gari ya ji labari, aka yi layi a ƙofar ramina, maza da mata. Na ɗinke kowa kyauta, ina ta murna, don gida ɗari ke nan na buɗe wa cikina.

Na koma gidan Jatau, aka kawo akushi. Na gyara zama, na gyara gashin baki.

"Malam Jatau, ka tsaya a kan kakanka. To, mahaifinka fa?"

Shiru. Loma.

"Na ce mahaifinka fa?"

Shiru. Loma. Loma.

Tasalla ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai Kurege, ba ka da tarbiyya ne? Ba a magana ana cin abinci."

Jatau ya cinye tuwon tas, ya suɗe yatsu, ya wanke hannu, ya yi gyatsa, sannan ya juyo ya ce, "Abokina, me kake tambaya ɗazu?"

Na ruga gidan maƙwabcinsa, shiru. Na zaga gari kaf, ba ka jin komai sai ƙarar haɗiya. An ba mutum zaɓi tsakanin baki da ciki, kuma ni, mai wayon duniya, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wanne zai ɗauka ba.

Ƙurunƙus kan ɓera, ba kan kurege ba. Darasi kuwa: in za ku yi wa mutum gyara, ku fara ƙoshi tukuna. Kuma kada ku ce na kai ƙarar kowa. Wa zan kai? Ni na aro basillar, ni na ja zaren, har ƙulli biyu na yi don kada ya kwance.