Idon Malam Wada

To, ku gyara zama, yau na zo muku da labarin da zai raba ku gida uku kafin a tashi. Ku saurara da kyau, don idan na kai ƙarshe ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne.

A Zariya akwai wani dattijo mai zane, ana ce masa Malam Wada. Tun muna samari shi ke zana labarin jarumai a bayan jarida. Ranar da jarida ta fito, kafin a duba labarin gwamnati sai an juya baya an ga abin da jaruminsa ya aikata. Da jaridar ta mutu, shi ma ya ajiye alƙalami ya koma rubuta allunan shaguna. Shekaru suka ja, har wasu suna zaton ya rasu.

Kwatsam sai ga shi ya dawo da sabon jarumi, a mujalla mai kala da ke fitowa wata-wata. Sunan jarumin Maƙerin Tsawa. Wani maƙerin ƙauye ne da aradu ta faɗa wa bai mutu ba, tun daga ranar yake kama walƙiya da hannu yana lanƙwasa ta kamar ƙarfe a maƙera, yana yaƙar ɓarayin shanu da masu tare hanya. Fitowar farko ko yini ba ta yi a kasuwa ba. Uba da ɗa suna rige-rigen karantawa. Masoya suka buɗe zaure a waya, kullum cikin musu: dattawa na cewa tsohon jarumin ya fi wannan kwarjini, matasa na tambayar don me Maƙeri ba ya tashi sama, mata na ƙorafin an ba ƙanwarsa shafi kaɗan alhali ta fi shi wayo. Musu ne dai mai daɗi, na masu son abu.

Daga fitowa ta uku abin ya fara sauyawa. Sararin sama ya koma kalar ƙasa, walƙiya ta zama kamar ruwan kunu, fuskoki suka cakuɗe. A ta huɗu maƙiya suka jefa Maƙeri cikin tsohuwar rijiya suka rufe da dutse, inda ba zai ga sama ba balle walƙiya. Labarin ya yi daɗi, amma zanen ya lalace, har hannun jarumin ya fito da yatsu shida. Nan musu ya koma ba'a. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Nafi'u, wani matashi mai shagon sayar da waya, wanda ya haddace kowane shafi, shi ya sa abin ya ƙona masa rai. Ya yi bidiyo yana buɗe shafukan yana dariya, ya ce a taimaka a saya wa tsoho tabarma da carbi ya huta. Bidiyon ya zaga gari, har wani maƙwabci ya kunna shi a gaban Malam Wada. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Da gari ya waye aka ga ɗakinsa da kwaɗo. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa da ke aure a Jos ba ta san inda ya nufa ba, masu buga mujallar ma haka. Maƙeri kuwa yana nan cikin rijiya.

Ta farko a cikin mutanen da nake so ku auna ita ce Hansatu, nas a wani asibitin ido a Kaduna. Tana yarinya babanta ke karanta mata zanen Malam Wada, don haka ba'ar ta tsaya mata a rai. Ta jera mujallun huɗu a kan tabarma tana kallo. Ta lura shuɗi ne ya fara ɓacewa, sannan layuka suka yi kauri, ƙananan abubuwa suka gudu. Ta sha ganin haka ga tsofaffin da ake kawo musu, masu ɗaukar shuɗin yadi su rantse baƙi ne. Sai ta rubuta a zauren cewa wannan ba sakaci ba ne, kuma ba tsufan hannu ba ne, yanar ido ce ta rufe wa mutumin gani. Ta ce aikin asibiti na cire ta, amma idan aka bar ta ta daɗe, ko aka kai shi wurin masu tura ta da tsinke, zai iya makancewa har abada. Aka yi mata ca, ana cewa uzuri take nema wa tsoho. Ba ta ja da baya ba. Ta riƙa sa shafi kusa da shafi tana nuna musu, har masu dariyar suka daina, kunya ta rufe zauren. Sai a lokacin aka fara tambayar ina Malam Wada yake. Ba don ita ba, da ba wanda zai neme shi.

Na biyu shi ne Mati, direban babbar mota mai kai tumatir kudu. Tun yana yaron mota yake tara zanen Malam Wada. Ya tuna cewa a tsohon labari da sabo, duk lokacin da aka ci jarumi da yaƙi, wuri ɗaya yake komawa jinya: gindin wani dutse da ya tsage biyu, da tsamiya a tsakiyar tsagar, kusa da gadar jirgin ƙasa. Mati ya san dutsen nan ba ƙirƙira ba ne, ya taɓa wuce shi a hanyar wani ƙauye, Tudun Marke, sai ransa ya ba shi can dattijon ya koma. Yana ɗauke da kaya lokacin da ya ga maganar Hansatu, amma ya saki kwalta ya bi hanyar ƙauye, ga damina ta sauka. Motar ta kafe a laka. Ya bar ta da tumatirin a ciki ya ƙarasa a ƙafa. Ranar kasuwar garin ce. Da tambaya ya isa zauren wani ɗan'uwan Malam Wada, ya tarar da dattijon kwance a tabarma, mutum biyu sun danne masa kai, wani mai maganin kasuwa ya gama gasa tsinkensa ya sunkuya a kan idon. Mati ko sallama bai ƙarasa ba ya cafke wuyan hannun mutumin. Aka yi hayaniya, aka ce baƙo ya shigo da rashin kunya, shi kuwa ya zauna a gefen tabarmar ya ce sai dai a fara da nasa idon. Mai maganin ya tattara kayansa ya fita, ya ce zai dawo kasuwa mai zuwa. Tumatirin ya ruɓe a mota, mai kaya ya raba gari da Mati. Ba don shi ba, da Hansatu ta faɗi gaskiya ne kawai a kan idon da ya riga ya tafi.

Amma fa Malam Wada ya ce ba inda za shi. Ya ce shi ganin da zai kai shi masallaci kawai yake nema, zane kuwa ya bar shi, kuma ba zai koma garin da aka yi masa dariya ba. Mati ya roƙe shi, ya kuma sanar a zauren masoya inda aka same shi. Hansatu ta yi masa bayani ta waya har muryarta ta dushe. 'Yarsa ta zo daga Jos ta yi kuka. Duk ya ji, ya gode, ya juya wa bango fuska. Ranar kasuwa kuwa tana ta matsowa.

Na uku shi ne Nafi'u, mai bidiyon nan. Tun da ya ga bayanin Hansatu abinci ya daina shiga masa. Ya rufe shago ya hau babur har Tudun Marke. Da Mati ya gane shi sai da aka riƙe shi. Nafi'u ya durƙusa ya nemi gafara, dattijon ya ce ya yafe, amma ko juyowa bai yi ba. Nafi'u ya ga yafiya ba za ta tayar da mutumin nan ba. Sai ya gyara zama, ya ce dama akwai abin da ya zo sanar da Baba: tunda ya ajiye aiki, shi zai ƙarasa labarin da kansa, ya ma riga ya tsara. Wai jirgi mai saukar ungulu ne zai zo da wasu baƙi, su zura igiya su jawo Maƙeri daga rijiya. Shi kuma ya faɗi yana kukan godiya, ya sayar da maƙerarsa, ya buɗe shagon cajin waya.

Malam Wada ya tashi zaune. Ya ce, "Maƙerin nawa za a jawo da igiya kamar akuya? Kai, ko ka san abin da ke aljihunsa? Yadda zai fita na nan a kaina tun kafin in jefa shi."

Nafi'u ya ce, "To faɗa mini, Baba, in rubuta."

"Ba a faɗa. Zanawa ake yi."

"Da wane idon, Baba?"

'Yar dattijon ta dafe ƙirji. Malam Wada ya daɗe yana huci, sannan ya lalubo hularsa ya ce a tambayi Mati ko an ciro motarsa daga laka. Ba don Nafi'u ba, da mai tsinke ya dawo ya tarar da shi a inda ya bar shi.

Aka kai shi Kaduna. Likita ya ce idon hagu ya fara kumbura daga ciki, da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Aka yi aiki lafiya. Ranar da aka cire auduga, su ukun da 'yarsa suna tsaye a bakin gado. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ashe Mati gajere ne, shi da ya ji riƙon da ya yi wa mai magani ya zaci ƙato ne. 'Yarsa ta zauna a ƙasa tana hamdala. Sai ya ce a miƙo masa fitowa ta huɗu. Ya buɗe, ya kai ga hannun nan mai yatsu shida, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wallahi yaron nan ya raga masa, bai faɗi rabi ba.

Bayan ya warware, fitowa ta biyar ta shigo kasuwa, sama shuɗiya shar, walƙiya fara tas. A cikin duhun rijiya Maƙeri ya ciro ƙyastunsa na ƙarfe ya buga a jikin dutse, ya kama ɗan tartsatsin da ya fito, ya yi ta hura shi yana ja har ya zama walƙiya, ya farfasa murfin. Zauren masoya ya cika da ajiyar zuciya. Kafin la'asar an koma musu, mata na cewa har yanzu ba a ƙara wa ƙanwar shafi ba.

Daga nan ne Malam Wada ya kira su ukun. Ya ce a labari na gaba Maƙeri zai faɗa hannun da ba zai iya fita shi kaɗai ba, sai wani ya cece shi, kuma wannan mai ceton zai zana shi da fuska da sunan ɗaya daga cikinsu, ya zauna a labarin muddin ana bugawa. Gurbin ɗaya ne, ya ce, kuma ya rasa wanda zai ba. 'Yarsa ta ce Hansatu, don ita kaɗai ta kalli zanen ta ga ciwo a inda kowa ya ga abin dariya. Mutanen Tudun Marke suka ce Mati, don a gabansu ya riƙe tsinke, kuma shi kaɗai ne abin ya ci wa sana'a. Matasa suka ce Nafi'u, don shi ya tayar da wanda kuka da roƙo suka kasa tayarwa. Wasu suka ce ai shi ya kori tsohon tun farko, wasu kuma suka ce ba don ba'ar tasa ba, da Hansatu ba ta jera mujallun ba. Su ukun kuwa ba wanda ya ce shi ne.

Malam Wada dai ya zana jikin mai ceton ya gama, saura fuska. To, ku da kuka ji yadda aka yi, fuskar wa ya kamata ya sa: Hansatu, Mati, ko Nafi'u?