Bangon Fada da Ya Ƙi Bushewa

Duk sanda Tasalla ta tuna ranar da ta fara ganin Nomau, zagin da ta yi masa take fara tunawa. A wani zamani ne mai nisa, a wani birni mai ganuwa da masu ba da labari suka manta sunansa. Tana bakin kasuwa tana niƙa jar ƙasa, domin ita mai zanen bango ce kamar uwarta, sai Nomau, wani mai tatsar mai, ya yi tuntuɓe, goran mansa ya tuntsire cikin ƙwaryarta. Ta wanke shi tas, ta kira shi makaho mai ido biyu, shi kuwa yana ta ba da haƙuri har ta gaji. Don haushi ta kwashe caɓin ta yaɓa a bayan katangarsu. Damina ta zo ta wanke zanen unguwa kaf, amma wannan tabo bai gusa ba, sai dai ya ƙi bushewa.

To, Sarkin garin yana da abin da ya dame shi. Kowace shekara masu zane kan kwaɓa launi da ruwan ƙaro su ƙawata fuskar zauren fada, kowace shekara kuma ruwan sama ya zubar da aikin. Sarki ya sa aka yi shela: wanda ya kawo launin da ruwa ba ya ci, zanen fada nasa ne har ya mutu.

Tasalla ta tuna da tabon nan, ta nemo Nomau. Shekara biyu suna gwaji, suna faɗa, suna shiryawa. Man kaɗanya ya daskare ya kwashi ƙura. Man gyaɗa ya yi ƙyalli mai ɗaukar ido, amma wata uku yana kama yatsa. Daga bisani suka dafa man angurya, suka shanya shi a rana kwana arba'in har ya yi duhu da danƙo da wari. Shi ne ya bushe cikin kwana goma sha huɗu, in an shafa shi siriri, aka bar shafin farko ya sha iska kafin a ɗora na biyu. A cikin shekarun nan Nomau ya yi mata maganar aure sau uku, sau uku tana cewa ya miƙo mata shuni.

Labari ya kai kunnen Waziri Ɗangaladima. Ya jira ranar da Tasalla ta tafi haƙar farar ƙasa, ya aika aka kira Nomau. Talaka bai iya ce wa Waziri a'a ba, ya zayyana masa komai, ya miƙa masa goran man. Waziri ya shinshina, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ƙazanta ba ta shiga fada, a kawo man gyaɗa garai-garai irin na tuyar gidan Sarki. Ya gaya wa Sarki cikin littattafansa ya gano sirrin, ya sa aka lafta launi da kauri cikin kwana uku.

Ranar da manzannin wata ƙasa suka zo, Sarki ya tsaya nuna musu bangon, iska ta kaɗa farar alkyabbarsa ta manne da shi. Ya juyo bayansa ja da shuɗi, baƙi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Waziri ya faɗi ya ce aikinsa ba shi da aibu, mai mai ne ya cuce shi da ruɓaɓɓen kaya. Nan take aka sa wa Nomau mari a ƙafa, aka yanke za a yi masa bulala ɗari ranar Juma'a, a kore shi daga ƙasar har abada.

Tasalla ta dawo ta ji. Ko kayanta ba ta sauke ba ta nufi fada, idonta jajur. Ta durƙusa, amma muryarta ba ta durƙusa ba.

"Allah ya ba ka nasara, an kama jaki an bar mai kora. In Waziri ya san aikin nan, ya zaɓi mai da hannunsa gaban jama'a, ni ma in zaɓa. Kowa ya yi zanensa, bango ya yi mana shari'a."

Waziri ya ce yaushe 'yar masu dama ƙasa ta sami bakin magana a fada. Sarki ya ce a bar ta, shi ma yana son ya san wa ya ɓata masa alkyabba. Aka ɗage hukunci, aka kawo goruna uku. Waziri ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa kamar mai sayen man miya. Da ya iso kan baƙin man anguryan, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ƙazantar ce aka sake kawo mini?"

"Ranka ya daɗe, ashe an taɓa kawo maka," in ji Tasalla. "Wa ya kawo, wa ya ƙi?"

Fadawa suka gane ya tona kansa. Waziri ya rungumi man gyaɗansa.

Aka ba kowa kamu biyu na bango da wa'adin wata ɗaya. Waziri ya gama nasa a yini ɗaya. Tasalla ta shafa siriri ta tafi, ta dawo bayan mako ta ƙara, fadawa suna yi mata ba'a wai launi take rowa. Da kwanakin suka cika, Sarki ya danna farin ƙyalle a zanen Waziri, ya fito dame-dame. Ya danna wani a na Tasalla, ya fito fari fat. Aka sheƙa wa nata tulu bakwai na ruwa, ja da shuɗi da fari suka ƙara haske.

Sarki ya sa aka warware rawanin Waziri, aka ba shi tsingaron tukunya ya kankare bangon nan da hannunsa, ba bara ba bawa. Ya ba Tasalla zanen fada, ya ce a kwance Nomau.

Aka fito da shi yana ɗingishi, mari ya ci masa idon sawu. Ya kasa duban ta, ya ce shi ya sayar da wahalarta da bakinsa, bai cancanci ko gaisuwarta ba. Ta tabbatar masa lallai shi wawa ne, wanda ba a bari ya je gaban manya shi kaɗai, ta faɗa da ƙarfi har dogarai suka yi murmushi. Sannan ta yage gefen mayafinta ta durƙusa tana ɗaure masa raunin.

"Ka turo magabatanka gidanmu," ta ce, kowa yana ji. "Na yi maka alkawari zan amsa, kuma daga yau duk inda aka kira ka, tare za mu."