Tankin Malam Barau

Ku matso, yau sai kun raba mana gardama.

Malam Barau yana da 'yar masana'anta a bakin gonar rake. Baƙin ruwan da ke saura bayan an cire sukari shi yake zubawa a tankin siminti, ya sa yisti, ya bar shi ya yi ta kumfa har ya yi tsami. Sai ya dafa, ya tare tururin, ya sami sifirit. Kada wani ya harare ni, na wanke ciwo ne a asibiti.

Abin da kumfar nan ke fitarwa kuwa iska ce mai nauyi, ba launi ba wari. Ko an kwashe ruwan tana nan kwance a gindin tanki.

Wata safiya babbar 'yarsa Lantana ta ga takalmansa a gindin tsani. Ta hau, ta leƙa. Ga uban nan yashe a ƙasa da tsintsiya a hannu, ko motsi. Salatin da ta yi ya kawo ƙannenta a guje.

Ƙanenta Tanko ya hau, ya ɗaga ƙafa zai dira, ta cafke shi.

"Yaya, sake ni! Baba ne fa!"

"Na gani! Ka shiga haka, gawa biyu za mu ɗauka."

Tana kallon ubanta, ta riƙe ƙato kamar akuya a kasuwa, har ta ɗaura masa igiya a ƙugu. Ta ce ya cika ƙirji a waje, kada ya shaƙa a ciki.

Autarsu Sahura kuwa ta sauka ƙasa. Guduma ta ɗauko ta yi ta narkar gindin tankin da ke ciyar da gidan, har ya ɓule, mugunyar iskar ta sami hanya.

Tanko ya sauka. Ya saɓo uban, numfashinsa ya ƙare a tsakiyar tsani, idonsa ya rufe, bai saki ba. Da igiya aka jawo su.

Malam Barau ya farfaɗo. Tsoro ya shige shi ƙwarai, ya rantse ya bar sana'ar, zai damƙa masana'antar ga wanda ya cece shi. Mutanen gari kuwa har yau nuna Lantana suke yi, wai ta tsaya ɗaurin igiya ubanta na mutuwa.

To, ku da kuka ji, wa za a ba masana'antar?