Duk Abin da Ya Sauwaƙa

A Jajaye, cikin ƙasar Rogo, an yi wani mutum mai suna Ƙasimu, babban ɗan marigayi Malam Nasidi. Tare muka tashi da shi, ƙofar gidanmu na kallon tasu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Ƙasimu ba malalaci ba ne, ba ya ƙarya, ba ya taɓa kayan mutane, kuma idan ya kama fartanya sai ka tausaya wa ƙasa. Cutarsa guda ɗaya ce: bai taɓa zama ya yanke wa kansa abin da yake so a duniya ba. An haife shi a shekarar da gyaɗa ta yi albarka, sai kakarsa ta laƙaba masa Ɗan Sa'a. Sunan ya bi shi, shi ma ya bi sunan, har ya yarda cewa irinsa ba sa bukatar shiri.

Malam Nasidi ya rasu a 1983, ya bar gonaki biyu. Akwai 'yar fadama a bakin rafi, baƙar ƙasa mai danshi wadda ko da rani ba ta bushewa, akwai kuma wata faffaɗar gona a kan tudu, rabinta tsakuwa. Mata suka karɓi gadonsu a hatsi da dabbobi, gonakin suka rage tsakanin Ƙasimu da ƙanensa Sulle. Liman Mahmudu, wanda ya raba gadon, ya karya karan dawa biyu, dogo da gajere, ya ce kowa ya zara. Ƙasimu ya zaro dogon, fadama ta zama tasa. Jama'a suka ce ai dama an sani.

Bayan an shafa fatiha, Liman ya dube shi ya ce, "To Ƙasimu, me ka yi niyyar yi da fadamar nan?"

Ƙasimu ya yi murmushi ya ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da ya sauwaƙa."

Liman ya ce, "Idan ka tsaya a sahu haka kake niyya? Na yi niyyar duk sallar da ta sauwaƙa?"

Aka kwashe da dariya, har da shi Ƙasimun. Liman kaɗai ne bai yi ba. Ya juya ga Sulle ya yi masa irin tambayar.

Sulle ya sunkuyar da kai ya ce, "Mangwaro arba'in zan dasa, in yi musu aure. Cikin shekara bakwai ina so mota ta shigo har gonata ta yi lodi."

Auren mangwaro shi ne a yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi da jikin na gida, a ɗaure har su kama juna. A lokacin ba a saba da shi a wajenmu ba. Wani dattijo ya ce, "Kai da ko kanka ba ka yi wa aure ba, itace za ka aurar?" Aka sake dariya, wannan karon Sulle ake yi wa. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi ƙaranci, gonakin tudu suka ƙone, mai fadama ya zama abin kallo. Ƙasimu ya shuka rake, raken ya tashi kore shar har ya wuce tsayin mutum. Saura wata huɗu ya yi zaƙi, sai ya je kasuwar Rogo ya ji yadda kwandon tumatir ya yi tsada. Ya dawo ya sare raken nan kakaf, ya zuba wa shanun maƙwabta, ya dasa tumatir a makare. Nasa ya nuna daidai lokacin da na kowa ya cika kasuwa. Da idona na ga kwanduna goma sha biyu suna tsiyayar ruwa a bakin hanya, ƙudaje na biki.

"Bana ba a yi sa'a ba," in ji shi.

Da shekara ta zagayo ya yi albasa, bai jira ta ƙosa ba ya ji ana zancen shinkafa. Ya yi shinkafa, tana cikin fitar da kai ya ji wani ya yi arziki da barkono a Tudun Kaya. Har mangwaron ma ya gwada, guda goma, bayan shekara biyu ya tuge su, wai sun cika nawa. Gumin da ya zuba a fadamar nan ya ishi mutum uku su yi arziki.

Matarsa Hajo mace ce mai haƙuri, amma rannan ina zaure na ji ta ta ce, "Malam, don girman Allah ka bar abu ɗaya ya nuna a gonar nan, ko sau ɗaya ne. Wai mu ina muka dosa?"

Ya ce, "Ke ba ki san kan duniya ba. Sa'a ba ta zama wuri ɗaya, dole mutum ya bi ta."

Ta ce, "To mu dai ga shi muna zaune wuri ɗaya, rufin ɗakin ma yoyo yake."

Shi kuwa Sulle, kada wani ya zaci sauƙi ya samu. Ranar kasuwa yakan taka keke har Karaye wajen wani tsoho mai suna Lado, ya koyi yadda ake yankan aure. Karon farko ya yi wa arba'in, tara suka kama. Awaki suka cinye uku daga cikin taran. Ya sake, ya kewaye kowane da ƙaya. Da rani kullum yana kan hanya tsakanin rafi da tudu, shi da jakinsa da garwa huɗu, tun daga hantsi har la'asar, kafaɗunsa duk sun yi kanta. Shekara bakwai ta cika mota ba ta shigo ba, domin rashin isasshen ruwa ya sa itatuwan sun tsumbure. Mutane suka fara kiransa angon mangwaro. Bai fasa ba, bai kuma canza magana ba.

A cikin 1990 wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan marigayi. Wani attajiri ne daga Kano, Alhaji Mijinyawa. Ashe tun yana yaron mota ciwo ya taɓa kayar da shi a hanyar Rogo, Malam Nasidi ya ɗauke shi ya yi jinyarsa wata biyu, bai san shi ba, bai san danginsa ba. Sai a shekarar ya ji labarin rasuwar. Ya yi ta'aziyya yana share hawaye da bakin rawani, sannan ya sa aka kira 'ya'yan biyu maza a gaban Liman Mahmudu da mu maƙwabta.

Ya ce, "Mahaifinku ya yi mini abin da ba zan iya biya ba. Ina so kowannenku ya faɗi abin da yake bukata don ya tsaya da ƙafarsa. Kai ne babba, Ƙasimu, fara."

Ƙasimu ya russuna ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ya sauwaƙa."

Wannan ba laifi ba ne. A wajenmu idan babba ya tambaye ka bukatarka, ladabi ne ka fara da haka. Amma idan ya sake tambaya, sai ka buɗe baki ka faɗi abin da ke ranka. Alhaji ya sake.

"Na ji, Allah ya yi albarka. Amma me kake son yi? An ce kai ne mai fadama."

"Ai Alhaji duk abin da ka ga ya dace."

"Ni ban san gonarka ba, ɗana. Kai ka san ta. Nan da shekara uku me kake so a tarar a cikinta?"

Ina kallon fuskar Ƙasimu, na ga bakinsa na motsi. A nan na gane ba kunya ce ta hana shi ba. Lalube yake a cikin kansa, rake, albasa, shinkafa, kanti, babur, duk suna wucewa, babu wanda ya tsaya. Liman ya yi gyaran murya har sau biyu. Daga ƙarshe Ƙasimu ya ce, "Duk dai abin da ya sauwaƙa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce, "To, madalla." Ya juya ga Sulle.

Sulle ya yi nasa ladabin sau ɗaya. Da aka sake tambayarsa sai ya ce, "Injin ban ruwa nake so, Alhaji, da tiyon da zai kai daga rafi zuwa gonata. Na auna da igiya tun shekara huɗu da suka wuce, gaba tamanin ne da biyu."

Wasu dattawa suka haɗa ido, wai yaron nan ba shi da kara. Alhaji kuwa dariya ya yi har da buga cinya, ya ce, "Har da biyun?"

Sulle ya ce, "Idan babu biyun ba zai kai itacen ƙarshe ba."

Bayan mako uku motar Alhaji ta dawo. Aka sauke wa Sulle inji sabo fil da naɗin tiyo. Aka miƙa wa Ƙasimu babbar riga ta shadda mai aiki, da hula, da agogon hannu. Kaya ne masu tsada, ba a raina shi ba. Abin da ya sauwaƙa ke nan.

Ranar Juma'a ya sa rigar ya je masallaci, ana ta yaba masa, yana ta washe baki. Amma da rani ya shigo, ƙarar injin Sulle ta fara tashi daga bakin rafi, sai murmushin ya ɗauke. Ya daina zama a majalisarmu. Idan an gamu sai ya ce, "Ka ga yadda sa'a ta juya mini baya? Tambaya ɗaya aka yi mana, wuri ɗaya muke zaune." Na ce masa ba sa'a ba ce, Sulle da amsarsa a hannu ya zo. Ya yi wata guda ba ya gaishe ni.

Shekara biyu bayan haka mota ta shiga gonar Sulle ta yi lodi, a shekara ta tara maimakon ta bakwai. A makon ne Ƙasimu ya yanke cewa sa'arsa ta bar ƙauye ta koma birni. Wani Ɗantala, mai sayen gonaki daga Karaye, ya yi masa tayin musaya: ya ba shi babur na hannu, ya karɓi fadamar. Sulle ya same shi har gida.

"Yaya, don Allah kada ka fitar da ƙasar Baba daga gida. Ka zo mu ja tiyo mu haɗa aiki. Ka zaɓi abu ɗaya mu shuka, ko mene ne, ni zan ba da ruwa."

"Wato in zama yaronka?"

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. To ka jira ni zuwa baɗi, ni in karɓa."

"Babur ɗin ba zai jira baɗi ba."

Hajo ta yi kuka har muryarta ta dushe. Liman Mahmudu, a lokacin tsufa ya kama shi, ya aika a kira Ƙasimu, bai je ba. Aka yi musaya. Da safe ya ɗaure rigar shaddar a bayan babur ya nufi Kano zai yi acaɓa.

Abin da ya faru a can a gutsure muka riƙa ji. Ya yi acaɓa wata biyar, ya ji ana samu a gwanjo, ya sayar da babur ya shiga gwanjo. Daga gwanjo ya koma sayar da agogo, daga agogo ya koma abin da shi kansa ba ya iya faɗa. Ɗantala kuwa ya shuka rake a fadamar, ya bar shi ya shekara, ya kafa injin matsa. Ƙamshin mazarƙwaila har tsakar gidan Hajo yake shiga, ita da 'ya'yanta suna cin tuwon da Sulle ke aiko musu da hatsinsa.

A 1996 Ƙasimu ya dawo a bayan motar itace. Rigar shaddar ce a jikinsa, ta koɗe, aikin wuyan ya zazzare. Agogon babu. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu kafin na gane shi. Washegari na raka shi gonar ƙanensa. Sai da muka bi ta gefen fadamar, ya kawar da kai bai dube ta ba. Muka tarar da Sulle a ƙarƙashin inuwar mangwaro, itatuwa arba'in cif, rassa sun sunkuyo da 'ya'ya.

Ƙasimu ya daɗe yana kallonsu, ya ce, "Kai dai Sulle ka yi sa'a."

Wallahi maganar nan ta fi ramarsa yi mini ciwo. Shekara goma sha uku, bai ga garwa ba, bai ga kantar kafaɗa ba, bai ga igiyar awo ba.

Sulle bai yi musu ba. Ya shimfiɗa masa buhu, ya durƙusa a gabansa ya ce, "Yaya, abin da ya wuce ya wuce. Allah ya rufa mini asiri, kuma ba ni da wanda ya fi ka. Ka faɗi abu ɗaya da kake son yi, guda ɗaya tak, ni zan tsaya maka har ya tabbata. Me kake so?"

Ƙasimu ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya murza bakin rigarsa. Injin na ta bugawa a can bakin rafi. Muka jira, muka jira.

Ya ce, "Duk abin da ya sauwaƙa."

Sulle ya rufe fuska da hannu biyu ya fashe da kuka. Ni kuwa na tashi na bar wurin, domin ba zan iya kallo ba. Har Ƙasimu ya bar duniya, tsinkar mangwaro yake yi a gonar ƙanensa idan lokacinsa ya zo, sauran watanni kuma yana zaune a gindin katanga yana ba yara labarin yadda sa'a ta guje shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sa'a tana zuwa, amma wanda ya san abin da yake so ne kaɗai ke iya riƙe ta. Sau uku ta zo wa Ƙasimu: ranar karan dawa, ranar Alhaji Mijinyawa, da ranar da ƙanensa ya durƙusa a gabansa, kuma duk sau ukun ta tarar bai shirya mata amsa ba. Arziki na Allah ne, babu mai musun wannan, amma ko salla ba ta ƙulluwa sai ka ambaci wadda ka nufa. Saboda haka, ya kai mai karatu, ka zauna tun yau ka yanke abin da kake nema, ka san girmansa, ka sa masa lokaci, ka auna nisansa har da gaba biyun ƙarshe, sannan ka roƙi Allah ka dage a kansa. Wata rana za a tambaye ka me kake so, kuma ba kullum ake maimaita tambayar ba.