Ɗakin da ke Tsakanin Ƙofa Biyu

Alhaji Hamisu Ba'adare ne. Iyayensa daga Tawa suka zo Yamai tun da daɗewa. A unguwar Bukoki ya tashi, yana sayar da kayan gyaran mota. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi babban fili a Bobiyel, lokacin unguwar ba ta cika ba. Ba mugun mutum ba ne, hannunsa a sake yake. Aibinsa ɗaya ne. In ya ga abu da idonsa, to ya gama saninsa, ba wanda zai ƙara masa komai. In ka ba shi shawara sai ya yi maka godiya, ya je ya yi abin da ya ga dama.

Wata shekara wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo masa ɗan zaki a cikin kwali. Bai fi muzuru girma ba. Hamisu ya riƙa ba shi madara da hannunsa, ya sa masa suna Kumandan. Ya so dabbar nan ƙwarai. Baƙo in ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya ga Kumandan.

Zaki ya yi ta girma, unguwa ma ta yi ta cika. Inda dā gonar gero ce aka yi gidaje. Ranar da Kumandan ya fara ruri sosai, awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Magana ta kai wurin hukuma, aka turo wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ɗahiru.

Ɗahiru bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarma ya yi bayani. Ya ce ba a riƙe irin wannan dabba sai da izinin hukuma, kuma ba a ba da izini sai an ga wurin da za ta zauna. Kejin ya zama na ƙarfe mai kauri, da rufi a sama, da daɓen siminti a ƙasa. Kada ya jingina da bangon maƙwabci. A samu inuwa da ruwa, a ba ta abinci kan lokaci, likitan dabbobi ya riƙa dubawa. Sannan a yi ƙofa biyu, ta ciki da ta waje, da ɗan ɗaki a tsakaninsu, kuma kada su taɓa zama a buɗe tare.

A kan wannan ɗaki ya fi tsayawa. Ya ce, "Alhaji, ɗakin nan na tsakiya ba naka ba ne, ba na zaki ba ne. Fanko zai zauna, ko tsintsiya kada a aje a ciki. In ƙofar ciki ta ba da kai, ta waje ce za ta tsaya tsakaninsa da mutane. In kuwa ya fito, ba mu da abin yi sai bindiga."

Hamisu ya yi godiya. Ya kira masu walda, aka gina keji wanda ya wuce abin da aka nema. Aka zo aka duba, aka ba shi izini.

Maƙwabcinsa na kusa Natanayel ne, Kirista daga Dogon Dutsi. Ya yi shekaru yana aikin jinya kafin ya aje, shi ya sa kowa ke ce masa Majo, kamar yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya a can. Duk wanda aka rubuta wa allura a layin, wurinsa yake zuwa. An ce hannunsa ba zafi, har yara ba su kuka. Shi da Hamisu kullum suna shan shayi a ƙofar gida suna tsokanar juna. Majo ya kan ce, "Mutane na kiwon zabbi, kai ka kawo mana mai cin masu zabbin." Hamisu ya ce ai Kumandan ba ya cin tsohon nama, ya kwantar da hankalinsa.

Ɗakin tsakiyar nan ya tsaya wa Hamisu a rai. Ɗan kasuwa ne, bai saba ganin wuri mai rufi da makulli yana zaune ba kaya ba. Ya fara da buhun gawayi. Daga baya tsofaffin tayoyi suka bi. In ya ji Ɗahiru zai zo dubawa sai ya sa a kwashe, in ya tafi a mayar. Matarsa Zuwera ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. Amsarsa ba ta sakewa: shi ya raini Kumandan, ya fi mai kaki saninsa.

Sai babbar salla ta zo. A Yamai ba a yanyanka ragon layya ranar salla. A feɗe shi, a baje shi ɗungum a kan dogayen sanduna biyu da aka giciye, a jera kewaye da wuta a ƙofar gida, ya wuni yana gasuwa. Da yamma a shigar da shi yadda yake, sai washegari a raba. Bara karnukan unguwa sun shigo sun tafi da cinya guda, abin ya ɓata wa Hamisu rai. Bana sai ya ce a kai ragunan ɗakin tsakiya. Ya yi dariya ya ce yana son ganin karen da zai yi sata inda zaki ke gadi.

Zuwera ta ce, "Alhaji, ka dubi Allah. Dabbar nan yau ba ta ƙoshi ba, za ka jera mata nama a hanci."

Gaskiya ta faɗa. Mahaucin da ke kawo wa Kumandan nama ya tafi ƙauye salla, ba a ba zakin komai ba sai huhu da ƴan tarkace. Hamisu ya ce gobe zai ci har ya bari.

Sandunan sun fi ɗakin tsawo. Ƙarshensu ɗaya ya tokare ƙofar ciki, ɗayan ya leƙo waje, ƙofar waje ta ƙi rufuwa. Hamisu ya ja ta iyakar inda ta tsaya, ya ɗaure da igiya.

Washegari da hantsi Majo ya shigo da wuƙarsa, kamar yadda ya saba kowace shekara. Shi ke taya Hamisu rabon nama, don ya iya bin gaɓa, kuma kason gidansa ake fara cirewa. Suka yi barka da salla. Majo ya dubi inda aka aje ragunan, ya daina murmushi. Ya ce a fara jefa wa zakin abinci a can ƙarshen kejin tukuna. Hamisu ya ce masa matsoraci, ya kwance igiya, ya buɗe ƙofar waje gaba ɗaya don sanduna su wuce.

Rago na farko ya fito lafiya, Majo ya karɓa ya rungume. Na biyu ya maƙale. Hamisu ya fizga da ƙarfi. Bai ga cewa bakin sandar ya shiga ƙarƙashin sakatar ƙofar ciki ba. Kwaɗon da ke riƙe sakatar kuwa tun jiya ya cire shi, ya kulle ɗakin da aka aje soyayyen kayan ciki. Sakata ta ɗaga. Kumandan dama yana jingine da ƙofar.

Bai taɓa Hamisu ba, ture shi kawai ya yi ya wuce. Nama yake so, naman kuma yana hannun Majo. Ya kai cafka ya haɗa da damtsen tsohon. Kafin Majo ya saki ragon, abin da zai faru ya faru.

Zakin ya ja ragonsa zuwa gindin dogon yaro ya kwanta yana ci. Hamisu ya tsaya yana kiran sunansa, zakin ko waiwaye bai yi ba. Zuwera ce ta ja Majo cikin ɗaki ta ɗaure masa hannu da ɗankwalinta, ta buga waya. Da Ɗahiru ya iso da jandarmomi, zakin ya gama, ya tashi yana zagaya tsakar gida yana duban bango. Bayan bangon nan titi ne cike da masu yawon salla da masu kai nama gida-gida. Ɗahiru ya dubi Hamisu sau ɗaya. Ya ɗaga bindiga.

Majo ya rayu, amma an yanke hannun daga kafaɗa. Na dama ne. Alƙali ya saurari kowa, ya ce kejin ba shi da laifi, mai kejin ne ya karya sharaɗin da aka ba shi izini a kansa. Hamisu ya yi zaman gidan kaso.

Da ya fito, gidan Majo ya fara zuwa. Ya same shi a ƙofar gida, wata mata ta kawo ɗanta allura yana kwatanta mata hanyar asibiti. Hamisu ya durƙusa a gabansa. Majo ya ce masa ya tashi, ya yafe tun yana kwance. Sai ya tura masa butar shayi da ƙafa.

Ya ce, "Zuba mana, Alhaji. Ni yanzu ba na iyawa."

Darasin a fili yake. Dabbar daji ba ta san wanda ya ba ta madara ba in yunwa ta kama ta. Wanda hukuma ta yarda ya riƙe ta, to ya bi kowane sharaɗi, har wanda yake ganin ba shi da amfani, kuma ya bi shi ranar da ba mai dubawa. Dokar ba don mai dabbar kaɗai aka yi ta ba, don maƙwabcinsa ne da mai wucewa a titi, har da ita kanta dabbar. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya bar zaki inda Allah ya aje shi.