Reshen Ƙarshe na Mangwaron Mama

Akwai wani manomi mai ɗa guda namiji, sunan ɗan Habila, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Shekara bakwai ya yi a waje. Ya yi gadi a Kaduna, ya tuƙa keke mai ƙafa uku a Jos, ya sayar da takalma a Legas, bai taɓa cika shekara a kan sana'a ɗaya ba. Ana saura kwana uku Kirsimeti ya dawo gida.

Ya tarar abubuwa sun sāke. An cire jinka an sa kwano. An haƙa burtsatse a bakin majami'a, rijiyar da suka sha tun suna yara ta koma ramin shara. Yayarsa Tabita ta haifi uku, ba wanda ya san fuskarsa a cikinsu. Hannun mahaifinsa ya soma rawa, ko kofin shayi sai an tallafa masa. Mahaifiyarsa kuwa shekara biyu ke nan da rasuwa. A waya ya ji, bai zo ba. Mangwaronta na bayan gida, wanda ta kawo reshensa daga garinsu shekarar da aka yi aurenta, mai zaƙi marar zare da babu irinsa a ƙauyen, gara ta cinye cikinsa, gefe guda ya bushe.

"Ba zai ga wata damina ba," in ji uban. "In ka shuka ƙwallonsa, gama-gari ne zai fito. Sai dai a yi masa aure. Ni hannuna ya ƙi wuƙa, kai kaɗai kuma na koya wa."

Auren mangwaro kuwa ga yadda ake yinsa: a yanko ɗan reshe daga itace mai kyau, a fiƙe gindinsa, a tsaga kan ƙaramin dashe na gama-gari a cusa shi ciki, a naɗe da leda tam, a bar su mako uku har su zama jiki ɗaya.

Ranar sabuwar shekara, da aka ba da lokacin shaida a majami'a, Habila ya miƙe da takarda a hannu. Ya ce bana zai karance Maganar Allah daga farko har ƙarshe, zai yi azumi kowace Juma'a, zai shiga ƙungiyar mawaƙa, ba zai fasa addu'ar safe ba. Alkawari bakwai ya karanta, na bakwai shi ne zai ceci mangwaron Mama. Jama'a suka ce amin da ƙarfi.

A hanyar gida Tabita ta ce, "Ƙanena, har bakwai? Kai da ko kwanon tuwo ba ka zama ka gama shi?"

"Za ki gani, Yaya."

"Ai idona biyu."

Kashegari ya wasa wuƙa. Hannunsa bai manta ba. Ya aurar da dashe goma sha biyu a cikin gwangwanaye, ya jera su a inuwar rumbu. A kwana na uku ya ce bari ya duba ko sun kama. Ya kwance ɗaya, ya ga ba abin da ya canja, ya mayar ya ɗaure. A kwana na biyar ya kwance wasu. Ya riƙa yin haka, yau wannan, gobe wancan, har ba wanda bai leƙa ba. Kafin mako biyu rassan duka suka yi baƙi. Ya ce ledar yanzu ce ba ta da kyau. Ya ce wuƙar ce.

Uban ya zo ya tsuguna, ya shafa ƙullin ledar ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba ɗaurin ranar farko ba ne. Sau nawa ka kwance?"

"Dubawa kawai na yi, Baba."

"Iska ma dubawa ta shiga yi."

Suka je gindin tsohon itacen. Reshe ɗaya tak ya rage mai ɗanyen ido. Habila ya yanko shi, ya fiƙe, ya cusa a wani dashe na gwangwani, ya ɗaure. Uban ya ce, "Aikinka yanzu ɗaya ne. Kowace safiya ka zuba wa saiwar ruwa. Ledar kuwa ba ruwanka da ita."

Bai taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan ba. Ya zuba ruwa, ya tsaya yana kallon sanda da leda, ba ganye, ba alama. A kwana na tara yatsunsa suka kai kan ƙullin, Tabita tana shanya daga nesa ta ce, "Hannu, malam!" Ya janye. A kwana na goma sha biyu wani abokinsa ya kira shi, ya ce akwai aiki a Fatakwal, mota za ta tashi jibi. Habila ya fito da jakarsa ya kakkaɓe ta. Sa'an nan ya dubi gwangwanin, ya ce wa abokin su tafi, in da rabo zai biyo baya. Motar ta tafi ba shi.

A kwana na ashirin da uku ya zo da ruwa, sai ya ga ganye biyu, ƙanana, jajaye, a kan reshen. Ya kira uban. Tsohon ya taɓa su da bayan yatsa, ya ce, "Ga abin da maman taku ta bar muku nan."

Ma'anar wannan misali ita ce, reshen nan mu ne, saiwar kuwa Ubangiji Yesu ne. Reshe ba shi da rai na kansa, sai abin da ya sha daga saiwa. Ledar ita ce alkawarin da muka ɗaure kanmu da shi a gaban Allah a farkon shekara. Yawancinmu ba mugunta ce take kashe mana alkawari ba, leƙe ne. Ka yi addu'a kwana uku, ka kwance ka duba ko ka zama wani sabon mutum. Ba ka ga kome ba, sai ka ce wannan majami'ar ce ba ta da wuta, ka koma wata. Ka fara karatu, ka bari, ka fara azumi, ka bari. Kowace kwancewa iska tana shiga. Haɗuwar reshe da saiwa a ɓoye take faruwa, ido ba ya ganinta sai ta gama. Saboda haka, 'yan'uwa, bana kada ku cika takarda. Ku ɗauki abu ɗaya wanda zai manna ku ga Ubangiji, ku ɗaure shi tam, ku zuba masa ruwa kowace safiya, ranar da kuka ji daɗi da ranar da ba ku ji kome ba.

Shi kuwa Habila, da watan ya ƙare, abokin ya sāke kira, ya ce har yanzu akwai gurbi. Yana haɗa kaya ya ci karo da takardar nan a aljihun rigar Kirsimeti. Biyar a cikin bakwai sun riga sun yi baƙi, ɗaya ya cika. Ya yage takardar, ya bar layin addu'ar safe kaɗai, ya ninke shi ya sa a aljihun gaba.

"Baba, ba za ka hana ni ba?"

"Dashen nan a gwangwani yake," in ji tsohon. "Ka kai shi Fatakwal ma zai rayu, in ba a kwance shi ba. Ni ƙafarka ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Hannunka nake tsoro."

Habila ya nuna wa Tabita yawan ruwan da za ta riƙa zubawa, ya ja zip ɗin jakarsa.